Buhun PICS mai leda biyu: ya cancanci kuɗinsa ga mai sayen wake da kaka?

Daga Nuwamba zuwa Janairu wake yake araha, lokacin da sabo ya cika Dawanau da kasuwannin ƙauye. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sai kwano ya fara hawa, mai garau-garau da mai ƙosai da uwargida mai alale duk su ji a jikinsu. Kowa ya san haka. Abin da ke hana magidanci sayen na shekara tun da kaka, bayan rashin kuɗi a dunƙule, shi ne ƙwari. Wake a buhun da aka saba da ƙyar yake wuce wata uku lafiya. A buɗe a tarar da shi duk huji, gari ya taru a gindin buhu, ga wani wari da ko an wanke sau biyar sai an ji shi a tukunya. Don wannan matsalar aka yi buhun PICS, buhun ajiyar hatsi mai hana iska shiga. Tambayar ita ce ko yana da amfani ga wanda ba manomi ba, ba kuma ɗan kasuwa ba, mai ciyar da gidansa kawai yana neman inda zai rage kashe kuɗi.

Buhu uku ne a haɗe. Na waje saƙaƙƙe ne irin wanda aka sani, shi ke ɗaukar wahalar ɗagawa da saukewa. A ciki akwai leda biyu masu kauri, kaurin kowacce maikiron 80 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), idan ka murza ta tsakanin yatsu za ka ji ta da tauri, tana ƙara, ba ta miƙewa kamar ledar kanti. Ana yin mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100, wato kwano 20 da kwano 40 a awon Kano, ko tiya 20 da 40 a awon Maraɗi da Damagaram. Babu ko ɗigon magani a jikinsa. Dabarar ta fito ne daga aikin masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, su Farfesa Larry Murdock, tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi, kuma kamfanin Lela Agro da ke Kano yana cikin waɗanda suka fara yin sa. Da farko don wake kaɗai aka yi shi, daga baya aka ga yana riƙe masara da sauran hatsi.

Sai mutum ya gane yadda ƙwaron yake rayuwa kafin ya gane abin da ya sa buhun ke aiki, da abin da ya sa yake ƙin aiki a hannun wasu. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, 'yan ɗigo fari-fari da sai an kula ake gani. Tsutsar ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta bar wannan zagayayyen hujin. Mace ɗaya ƙwai gommai take zubawa, kuma 'ya'yan da suka fito nan take suke fara nasu. Shi ya sa waken da aka gani sumul a kasuwa a Disamba yake zama gari a Afrilu: ɓarnar tana ciki tun ranar da aka saya.

Idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwarin da ke ciki da shi kansa waken su ne suke shanye iskar oksijin da ta rage, wadda a sarari take kashi 21 cikin 100. Tana yin ƙasa sai tsutsa ta daina ci, manya su daina haihuwa. Kuma da yake tsutsar daga abincin da jikinta ke ƙonawa da oksijin take samun ruwa, rashin iskar yana busar da ita har ta mutu. Abin mamaki, buhun da ƙwari suka fi yawa a ciki shi ya fi saurin cinye iskarsa. Amma hujin da aka riga aka yi ba ya toshewa. Wanda ya zuba waken da ya ci rabi, rabin zai tarar, sai dai ɓarnar ba za ta ƙaru ba.

Yadda ake cikawa da ɗaurewa

A nan yawancin asarar take faruwa, don haka sai a yi haƙuri da tsawon bayani.

Kafin komai a gwada ledojin ɗaya bayan ɗaya. A buɗe bakin leda a kaɗa ta ta ɗebi iska, a damƙe bakin da hannu, a danna cikin da ɗaya hannun. Idan ta tsaya a kumbure, lafiya. Idan tana saɓewa a hankali, akwai huji, kuma galibi a ɗinkin gindi yake ko a kusurwa. Wannan gwajin a gaban mai sayarwa ya kamata a yi shi, tun ba a biya ba.

Sai waken. A sheƙe shi, a rairaye, a tsince tsakuwa, guntun kara, ƙaya da ɓawo. Guntun kara guda mai tsini ya isa ya huda leda daga ciki idan nauyin kilo 100 ya danne shi. Sannan a tabbatar ya bushe. Na farko a gwada da haƙori: busasshen wake yana fashewa da ƙara, ƙas, ya rabu biyu, wanda bai gama bushewa ba haƙori lotsawa yake yi a jikinsa. Gwaji na biyu ya fi tabbas, musamman ga masara. A samu kwalbar gilas busasshiya mai murfi, a zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye kwata na awa, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran ruwa, a mayar da shi rana. Idan ya zube ƙasa bai manne ba, ya yi. Masana suna son danshin ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Iskar hunturu tana yin rabin aikin, yini biyu a kan tamfol galibi ya wadatar a Kano ko Katsina. Kada a shanya a kan ƙasa tsirara, kuma kada a kwashe daga rana a zuba a leda da zafinsa. Hatsi mai zafi a rufaffiyar leda gumi yake yi, gumin ya kwanta a jikin ledar, daga nan fumfuna ta samu wurin farawa. A bar shi a inuwa ya huce tukuna.

Wajen zubawa, a fara sa kamar kwano ɗaya a leda ta farko don ta yi nauyi, a zura ta cikin ta biyu har gindinsu ya haɗu, a zura su biyun cikin buhun waje, a naɗe bakunan uku zuwa waje kamar an naɗe hannun riga. Mutum biyu aikin yake so, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zuba. Ana zubawa ana girgiza buhun a hankali don waken ya zauna, kada a bar kogon iska a kusurwoyi. A kula kada ƙwaya ta faɗa tsakanin leda da leda. Waken da ke wannan tsakanin yana da iskarsa, ƙwaronsa zai rayu ya ci leda ta biyu, wadda ita ce madogara. Kada a cika maƙil, a bar wajen taƙi ɗaya a sama don ɗauri.

Ɗaurin kowanne daban ake yi. A tattara bakin ledar ciki, a danna waken a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin sosai har ya zama kamar igiya, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure da igiya mai laushi ko robar da ake yankowa daga tsohon tib na babur. A tura ɗaurin ƙasa, a yi wa leda ta biyu haka, sannan buhun waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa bakunan uku a ɗaure sau ɗaya don sauri. Iska tana bin ninkin ta shiga. Na biyu shi ne ɗauri da waya ko siririn zaren roba mai kaifi, wanda yake yanka ledar daidai wuya. Na uku, kuma wannan 'yan kasuwa suka fi faɗawa ciki saboda sabo, shi ne ɗinke baki da basilla. Buhun waje ma kada a ɗinke shi, basilla ba ta san inda leda take ba.

A rubuta ranar da aka ɗaure a jikin buhun. Kada a buɗe kafin wata ɗaya, wata biyu ya fi kwanciyar hankali, domin ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwaya sun fi manya jure rashin iska.

Inda yake gazawa

Ɓera ne babban abokin gabarsa. Gaskiya ne buhun da aka ɗaure da kyau ba ya fitar da ƙanshin hatsi, don haka ɓera bai cika damuwa da shi ba. Amma idan an bar ƙwayoyin wake a zube kewaye da shi, ko garin masara a jikin buhun waje, an kira shi da kansa. Huji ɗaya na haƙorin ɓera ya ɓata komai, kuma sau da yawa a bayan buhu yake, wajen bango, inda ba mai gani sai bayan wata biyu. Saboda haka a ɗora buhun a kan katako ko bulo da allo, a janye shi daga bango yadda mutum zai iya leƙa bayansa, a share wurin. Gara ma tana cin buhun waje idan yana ƙasa. Rana kuma tana gasa leda ta yi ta tsagewa, don haka baranda da rana ke dukanta da yamma ba wurinsa ba ce, haka ɗakin kwano marar silin da ke zama tanda a watan Afrilu. Zafi da danshi tare su ne suke sa tsohon wake ya ƙi nuna, a yi ta zuba kanwa ana ƙona gas, kuɗin da aka tsira da su wajen saye su tafi a murhu.

Abu na biyu shi ne sufuri. Wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu don a ga samfur, ya kuma san yadda 'yan dako suke jan buhu a ƙasa ko su wurgo shi daga mota. Buhun PICS ba ya jure ko ɗaya. Shawara ita ce a sayo waken a buhun kasuwa, a kawo gida, a gyara, sannan a cika buhun PICS a daidai inda zai zauna. Wanda ya cika shi a kasuwa ya ɗora a bayan a-daidaita-sahu, ya yi caca da kuɗinsa.

Idan aka buɗe bayan watanni za a iya ganin 'yan ƙananan huji ko ƙarce a jikin ledar ciki. Ƙwarin da suka fito daga waken da ke manne da ledar su ne suke yin haka kafin su mutu. Dalilin leda ta biyu ke nan, kuma dalilin da ya sa raba ledojin don a yi buhu biyu da kuɗin ɗaya tsimin banza ne.

Sai babbar matsalar da ta shafi magidanci, wadda masu tallar buhun ba su cika faɗa ba. An tsara shi ne don manomin da zai ɗaure ya manta sai farashi ya tashi. Gida kuwa kullum ɗiba ake yi. Duk buɗewa sabuwar iska ce, kuma idan waken ya yi ƙasa, sararin da ke sama ya yi yawa. Idan an riga an rufe wata biyu komai ya mutu, buɗewa jefi-jefi ba ta da illa matuƙar an mayar da ɗaurin nan take yadda yake. Amma a gidan da yara ake aika su ɗebo, ba wanda zai tsaya murɗa leda biyu sau uku a mako. Cikin wata ɗaya za a tarar da bakin a sake, sabon ƙwaro daga waken maƙwabta ko na kanti ya shiga.

Mafita biyu ce. Ta farko, a sayi mai kilo 50 guda biyu maimakon mai kilo 100 guda ɗaya, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. Ana cin ɗaya, ɗaya yana rufe. Ta biyu, a haɗa shi da jarka. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana cin wake kusan kilo 20, kwano takwas ke nan. A wanke ta da sabulu da ruwan zafi, a kife ta a rana kwana biyu har cikinta ya bushe ƙarau, a cika ta har wuya ana bubbuga ta a ƙasa, a shimfiɗa 'yar leda a baki a murɗa murfin a kai. Daga buhun a cika jarka sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu, daga jarka a riƙa ɗibar na girki. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan magana ko an wanke ta da me.

A gaskiya ma, gidan da abin da yake ci a shekara bai wuce kwano 15 ko 20 ba, jarka biyu ko uku sun ishe shi, ba sai ya sayi buhun ba. Jarka ta fi shi jure ɓera, tana shekaru, kuma yawancin gidaje suna da ita a zube. Buhun yana fara nuna fifikonsa ne daga kilo 50 zuwa sama, inda tara jarkoki zai ci kuɗi da wuri. Duron ƙarfe mai murfin da ke rufuwa gam ya fi su duka ƙarko, yana cin fiye da buhu ɗaya da rabi, sai dai tsada, ga wuyar samun wanda ba a taɓa zuba sinadari a ciki ba.

Idan aka gwada shi da magani kuwa, babu haɗi. Abin da aka saba shi ne a yayyafa fiya-fiya, ko a jefa ƙwayar nan da ake kira bom a cikin buhu. Fiya-fiya sinadarin dichlorvos ne, ba a yi shi don a zuba a abinci ba, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015. Bom kuwa hayaƙi mai kisa yake fitarwa idan ya ji danshin iska, aikin ƙwararru ne a rufaffen sito, ba abin ajiyewa a ɗakin da ake kwana ko kusa da shi ba. Mai sayen wake kwano-kwano a watan Yuli bai san abin da aka zuba masa ba. Idan ya ga tsohon wake sumul babu huji ko ɗaya a buɗaɗɗen buhu, ƙuda ma ba ya sauka, ya kamata ya tambayi kansa dalili. Wanda ya sayi sabo da kaka ya rufe da hannunsa ya huta da wannan zullumin. Toka da iyayenmu ke amfani da ita tana aiki, amma sai an zuba ta kusan daidai da yawan waken, ga aikin rairaya da wanki duk ranar girki. Barkono kuwa ya fi korar mai ɗiba da atishawa fiye da ƙwaro.

Ban da wake, gurjiya ce ta fi cin moriyar buhun, don ƙwarinta ma ba su da sauƙi. Masara tana zama lafiya matuƙar ta bushe. Masarar Saminaka ko Dandume da aka saya a Oktoba, ana gama girbi, sau da yawa tana da sauran ruwa, kuma jiƙaƙƙiyar masara a leda tsami take yi ta dunƙule. Buhun yana hana fumfuna ƙaruwa a busasshen hatsi, amma gubar fumfuna da ake kira afulatoksin da ta riga ta kama masara ko gyaɗa tun daga gona ba ya cire ta, don haka ƙwayar da ta canza launi a tsince a zubar. Gero da dawa sun fi wake jure ajiya, idan na wata uku ko huɗu ne ba dole ba ne a kashe musu kuɗin buhu. Shinkafa shanshera da gyaɗa mai ɓawo suna da tsini, sai an yi hattara wajen zubawa. Garin tuwo ko na ɗanwake kuwa kada a niƙa na watanni a ɗaure, a ajiye ƙwaya a riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan. Manomi zai iya ajiye irin shuka a ciki, busasshen iri ba ya rasa tsirarsa don rashin iska.

Lissafin kuɗi

Lokacin da aka fara yaɗa shi, kuɗin buhun yana tsakanin dala 2 zuwa 3, ninkin buhun kasuwa sau da dama, kuma har yanzu wannan bambancin ne yake korar mutane. Amma idan an kula da shi yana yin kaka uku, don haka a raba kuɗinsa gida uku. Ga yadda ake lissafin, da alƙaluman misali kawai, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce gida yana cin kwano ɗaya a mako. Buhu mai kwano 40 zai kai shi daga Disamba har Satumba. A ce kwano naira 2,000 ne da kaka, buhu ya kama 80,000. A ƙara 3,000 na buhun PICS, da 3,000 na dako, mota da la'adar dillali, an tashi a 86,000. Bayan sheƙa da tsinta da shanya, a ce kwano ɗaya ya tafi, saura 39. Kowane kwano ya tsaya a kusan 2,200. Idan matsakaicin farashin waɗannan watanni a wajen mai awo na unguwa ya kama 2,600, kwano 39 zai ci 101,400, an tsira da fiye da 15,000. A kaka ta biyu da ta uku babu kuɗin buhu. Kuma wanda ya saba sayen gwangwani-gwangwani a kanti ribarsa ta fi haka, don awon gwangwani shi ne mafi tsada a duk kasuwa.

Lissafin yana iya juyewa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 farashin abinci ya yi ta hawa har mutane suka ɗauka haka zai ci gaba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, shinkafa da wake, kuma a 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa maimakon ya hau, waɗanda suka tara da tsada don su sayar suka tafka asara. Mai ajiyar abincin gidansa bai ji zafin kamar su ba, don ci zai yi, ba sayarwa ba, amma dai ya biya fiye da wanda ya jira. Darasin a aikace shi ne a sayi abin da gida zai cinye kafin sabo ya fito, kada a wuce haka, kuma kada a ci bashi mai ruwa don a yi wannan saye, ruwan zai cinye bambancin. Masu adashi su nemi kwasarsu ta faɗo a Nuwamba ko Disamba. Gida biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi buhu a farashin sari, amma a raba tun kafin a ɗaure, kowa ya rufe nasa. Buhu ɗaya mai masu shi uku ba ya zama a rufe. Wanda ke jin nauyin abin a ransa, malamai sun bambanta ɓoye abinci don a tsananta wa jama'a da tanadin abin da iyali za su ci, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ajiye wa iyalansa abincin shekara.

Wajen sayen waken ma akwai inda kuɗi ke zurarewa. Farkon fitowar sabo ba shi ne mafi araha ba, kuma shi ya fi ruwa. A jira kasuwa ta cika. Manyan irin da ke daɗewa a gona kamar kanannado sai can ƙarshen shekara suke fitowa sosai. Kada a yarda da abin da ke saman buhu, a sa a zazzage a kan tamfol a auna a gaban mai saye, a nan ake gane algus na yashi, tsakuwa ko tsohon wake da aka cakuɗa da sabo. A damƙi ɗaya a shinshina: warin magani ko ƙaiƙayi a tafin hannu alama ce ta a bar shi. A duba jikin ƙwayoyin, idan ɗigon ƙwai ya yi yawa a rage farashi ko a wuce, in kuma an saya a rufe shi a cikin makon, kada a ce sai an samu lokaci.

Buhun kansa ana samunsa a shagunan kayan noma da wajen masu sayar da buhuna a manyan kasuwannin hatsi, ya fi samuwa da kaka, da bazara kuwa sai an sha yawo. Akwai jabu. Wasu suna zura siririyar leda biyu a buhun da aka saba su kira shi da sunan, wasu ma ledar cikin buhun taki suke wankewa su sayar. A duba tambarin PICS a jikin buhun waje, a murza ledar a ji kaurinta, a shinshina cikinta, a yi gwajin iska. Akwai wasu buhunan rufe iska na kamfanoni daban, irin su na GrainPro da AgroZ, masu leda ɗaya da aka yi ta hawa-hawa. Ƙa'idar aikinsu ɗaya ce, sai dai mai leda ɗaya ba shi da ta biyu da za ta rufa masa asiri idan ta huje.

Bayan an cinye, a zazzage ledojin, a goge su da busasshen tsumma, kada a wanke a bar ruwa a ciki. A sake gwajin iska. Ƙaramin huji ana like shi da faffaɗan salatif ciki da waje, kuma wadda aka like ita za ta zama ta ciki a kaka mai zuwa, lafiyayyar ta koma ta biyu. Idan ɗinkin gindi ne ya buɗe, ko huji ya yi yawa har ba a iya ƙirgawa, ta gama aikin hatsi. A ninke masu kyau a sa a cikin bokiti mai murfi ko akwatin ƙarfe, domin ɓera ya fi cin ledar da aka ninke aka jefa a lungu fiye da wadda ke cike da wake.